Saƙar kwarashi a zagaye da yadda ake canza kala, don masu fara koyo

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ki ga mata sun zaro kwarashinsu da ulu daga ƙasan akwati, wannan hular jariri take so ta yi, waccan safa, wata kuma jaka mai zagayayyen gindi, kuma kusan kukansu ɗaya ne: na iya sarƙa, na iya saƙa layi-layi in kai ƙarshe in juyo, amma da na ce zan yi zagaye sai abu ya ƙi, ko ya tattare ko ya koma ƙoƙo, in kuma na zo sa wata kala wajen haɗin ya fito ɓaro-ɓaro kowa na gani. Toh 'yar'uwa kwantar da hankalinki, abu biyu ne ba a nuna miki ba, lissafin ƙari da kuma daidai lokacin da ake ɗauko sabon zare. Su zan zauna a kai sosai, sauran duk mai sauƙi ne.

Kayan aiki ba su da yawa. Ulu kala biyu, kwarashi, almakashi, allura mai faɗin kafa wadda ulu zai shiga (in kin samu ta roba mara tsini ta fi, don mai tsini tana tsaga zaren), tef ɗin awo irin na tela, sai fil ko guntun zare na wata kala da za ki riƙa sa alama. Dan Allah in yau kika fara kar ki sayi baƙin ulu ko shuɗi mai duhu, ba za ki ga idon saƙar ba musamman da daddare in an ɗauke wuta, ki nemi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko sararin samaniya. Kar kuma ki ɗauki irin mai gashi-gashin nan, in kin yi kuskure ba ya warwaruwa. Ulun da muka fi samu a kasuwanninmu siriri ne, in za ki yi da shi tilo kwarashi mai lamba 2.5 ko 3 ya isa, amma ni na fi son mai koyo ta ruɓanya shi biyu ta yi da lamba 4 ko 4.5, aikin ya fi sauri kuma kina ganin abin da kike yi. Lambar nan kaurin kwarashin ne a milimita, tana rubuce a jikinsa wajen da babban yatsa ke riƙewa.

Bari mu daidaita sunaye don kar mu rikice a gaba. Zaren da ke rataye a wuyan kwarashi kunne nake ce masa. Sarƙa ita ce ki naɗa zare ki zaro ta cikin kunnen nan, kowace zarowa sarƙa ɗaya. Ido kuma shi ne kowane ɗinki guda, in kin dubi samansa za ki ga zare biyu sun kwanta kamar kitson kalaba, ƙarƙashin su biyun ake zura kwarashi. Singul shi ne gajeren: ki zura, ki ɗauko zare, kunne ya zama biyu, ki naɗa ki zaro ta cikin biyun. Dobul shi ne dogon: ki fara naɗawa tukun, ki zura, ki ɗauko, kunne uku kenan, ki naɗa ki zaro ta biyu, ki sake naɗawa ki zaro ta biyun da suka rage. Silif kuma na haɗi ne, ki zura ki ɗauko zare ki zarce da shi ta cikin kunnen da ke kan kwarashi a ja ɗaya. In kina koyo a YouTube ki lura da wani tarko, abin da 'yan Amurka ke kira singul shi 'yan Ingila ke kira dobul, dobul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne, saboda haka ki kalli hannun mai koyarwar kar ki tsaya ga sunan da ta faɗa. Ni nan na Amurka nake amfani da su don su suka fi yawa a bidiyo.

Farawa iri biyu ne. Mai sauƙin ita ce ki yi sarƙa 4, ki haɗa ta ƙarshe da ta farko da silif, kin samu ɗan zobe, sai ki riƙa zura kwarashi cikin ramin zoben nan kina saƙawa. Matsalarta tana barin ɗan rami a tsakiya, ga abin ɗora kofi ko marfin kwano ba komai, amma a ƙoƙon hular jariri ba na so. Ta biyun ita ce zoben zugewa, wanda a bidiyo za ki ji suna cewa majik rin. Ki bar bakin zare kamar tsawon taƙi ɗaya, ki naɗa zaren sau ɗaya a yatsu biyu na hagu, manuniya da na tsakiya, ya gicciye a bayan yatsun, ki zura kwarashi ƙarƙashin zaren farko ki kamo na biyu ki jawo shi, ki yi sarƙa ɗaya don ya kamu, sai ki zare yatsunki a hankali kina riƙe da wajen gicciyen. Yanzu ki saƙa singul 6 a cikin wannan babban zoben, kina hawa kan zoben da bakin zaren a tare. Da kin gama shida ki ƙirga su, sannan ki ja bakin zaren, za ki ga ramin ya zuge ruf kamar bakin mazagin wando. Farkon yi zai zame miki sau biyu ko uku, haka yake ga kowa, yatsu ne ba su saba ba. In ya ishe ki ki yi sarƙa 2 ki zuba singul shidan a cikin sarƙar farko, shi ma ramin ƙarami ne.

Toh ga lissafin. Kinsan yadda ake faifai, ana farawa daga cibiya ana naɗawa, kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, in mai yi ta matse hannu sai ya tashi ya zama kwando, in ta sake ya kwanta. Kakata da kaba take yi tana sa rinanniya ja da kore a tsakani, kuma ban taɓa ganin tana ƙirga komai ba, idonta da hannunta sun riga sun sani. Mu da kwarashi muna da sauƙi don akwai lamba. A singul, kowane zagaye ana ƙara ido 6. Zagaye na farko 6. Na biyu ki sa biyu-biyu a kowane ido, 12. Na uku ido ɗaya shi kaɗai, na gaba biyu a ciki, haka har ki zagayo, 18. Na huɗu ɗaya, ɗaya, sai biyu, 24. Na biyar uku su kaɗai sai ƙari, 30. Na shida huɗu sai ƙari, 36. Kinga ba sai kin haddace ba, lambar zagayen da kike sau shida, in kina na takwas dole ki tashi da 48, in kin ƙirga kin ga 47 ko 50 toh akwai inda aka yi kuskure kuma gara ki warware yanzu da ki yi zagaye biyar a kai.

Me ya sa shida? Wanda ya yi lissafi a makaranta zai tuna kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau 3.14. Duk zagayen da kika ƙara, faɗin ya ƙaru da tsayin ido biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kewayen kuma ya ƙaru da shida da ɗan ɗoriya, shi kuma singul tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, shi ya sa shida ke cike gurbin. Dobul ya kusa ninka singul a tsayi, saboda haka shi 12 ake farawa da shi a riƙa ƙara 12, wato 12, 24, 36, 48, 60. In kin gane wannan kin gane ciwon saƙarki da kanki. Ta tashi ta zama ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan ko hannunki ya matse da yawa, ki ƙara girman kwarashi. Bakin ya yi tattara yana lanƙwasa kamar ganyen salak, idon ya yi yawa, ki warware ko ki yi zagaye ɗaya ba ƙari ki ga ko za ta kwanta. Ki riƙa ajiye ta a kan tabarma ko tebur bayan kowane zagaye kina dubawa, kar ki danne ta da hannu, ki bar ta ta nuna miki halinta.

Akwai wani abu da za ki lura da shi wajen zagaye na shida ko bakwai, da'irar ta fara fitar da kusurwa shida, ta daina zama zagayayya. Dalili ƙarin yana hawa kan ƙari a wuri ɗaya kullum. Maganinsa ki riƙa gocar da shi a zagayen da lambarsa ke rabuwa biyu. Misali a na huɗu maimakon ɗaya, ɗaya, ƙari, ki yi ɗaya, ƙari, ɗaya, ki maimaita sau shida, 24 ɗin dai za ki samu. A na shida biyu, ƙari, biyu, sau shida, 36. Ga hula bai dame ni ba don kai zai buɗa ta, amma gindin jaka ko abin shimfiɗa a tebur yana nunawa.

Sai maganar yadda ake wucewa daga zagaye zuwa zagaye, nan ma hanya biyu ce kuma ya kamata ki san wacce kike kai tun farko. Ta ɗaya ba a rufewa, da kin kai ido na ƙarshe sai kawai ki hau kan na farko ki ci gaba, saƙar tana tafiya kamar bayan dodon koɗi. Da ita ake 'yan tsanan nan na Japan da ake kira amigurumi, kuma ta fi dacewa da singul. Ba ta da layin haɗi ko kaɗan amma in ba ki sa alama ba wallahi ba za ki san inda zagaye ya fara ba, ki maƙala fil a idon farko na kowane zagaye, in kin zagayo ki cire ki saƙa ki mayar a sabon. Kar ki ce za ki riƙe a ka, yaro zai yi kuka ko a yi sallama, kin tashi kin dawo lissafi ya tafi. Ta biyu ana rufe kowane zagaye da silif a kan idon farko, sannan a yi sarƙa a hau sama, ɗaya in singul ne, biyu ko uku in dobul ne. Ita ta fi kyau ga dobul da kuma duk abin da za a yi wa ratsin kala. Kuskuren da kusan kowace mai koyo ke yi a nan shi ne in ta zagayo sai ta ga silif ɗin da ta rufe zagayen baya da shi ya yi kama da ido, sai ta saƙa a cikinsa, kowane zagaye ido ɗaya na ƙaruwa ba ta sani ba har hula ta buɗe kamar siket. Silif ba ido ba ne, tsallake shi ake yi, in kina shakka shi ma ki sa masa fil.

Masu yawa suna yin sarƙa 3 su ƙirga ta a matsayin dobul na farko. Ni ba na yi, tana barin 'yar kafa a gefenta duk tsawon hular. Sarƙa 2 nake yi ba na ƙirga ta, in sa dobul na farko a cikin idon da na yi silif, in na zagayo in rufe a kan dobul ɗin gaske. Duk wadda kika zaɓa ki tsaya a kanta har ƙarshen aikin.

Wani abu kuma, da saƙar ta fara tashi ta zama kwano takan juye ciki ya koma waje. Fuskar da ke kallonki lokacin da kike zagayen farko ita ce mai kyau, ita ya kamata ta zama waje, bakin zaren da kika fara da shi kuma yana ciki. In kin ga kina saƙa a bakin kwanon da ke nesa da ke, kwarashi yana shiga daga ciki zuwa waje, ki tura gindin da yatsa ki juya shi, ya zama kina aiki a bakin da ke kusa da ke.

Yanzu kala. Ki duba kunnen da ke kan kwarashinki bayan kin gama ido. Wannan kunnen ba na idon da kika gama ba ne, shi ne zai kwanta ya zama saman ido na gaba. Saboda haka in kika gama idon ƙarshe tsaf da farin zare sannan kika ɗauko shuɗi, idon farko na shuɗin zai fito jikinsa shuɗi kansa fari, wannan ne ɗigon da kike gani yana ɓata miki aiki. Sabuwar kala ana ɗauko ta ne a ja na ƙarshe na tsohuwar, kafin idon ya rufe. A singul, ki zura ki ɗauko fari, kunne biyu farare suna kan kwarashi, ki tsaya nan, ki saki farin, ki rataya shuɗin a ƙugiyar kwarashi kin bar masa baki kamar taƙi ɗaya, ki zaro shi ta cikin fararen biyu. Duba ki gani, idon ya rufe fari tas, kunnen da ke kan kwarashi kuma shuɗi ne yana jiran aikinsa. A dobul ma haka, ki yi komai da fari har ya rage kunne biyu, ja na ƙarshe ki yi da shuɗi. Idon zai ɗan saki, ki ja bakin farin da na shuɗin a hankali ta baya ya koma daidai da 'yan'uwansa, kar ki ja da ƙarfi ya shaƙe.

In rufaffen zagaye kike yi, ja na ƙarshe a zagayen shi ne na silif, saboda haka ki gama dobul ɗin ƙarshe da fari gaba ɗaya, ki zura kwarashi a kan idon farko, sai ki ɗauko shuɗin ki yi silif ɗin da shi, ki ja farin ta baya ya matse, ki yi sarƙarki da shuɗi ki ci gaba. In kin yi shi daidai sai mutum ya ɗaga hular ya nema kafin ya ga wurin.

Mai tafiyar dodon koɗi ita ce mai gardama, tunda zagayen ba ya haɗuwa da kansa, ƙarshensa yana sama da farkonsa, dole ratsin ya yi ɗan tudu kamar matakala a wajen canjin. Ba ya ɓacewa gaba ɗaya amma ana rage shi, bayan kin canza a ja na ƙarshe, idon farko na sabuwar kalar ki yi shi silif sakwa-sakwa maimakon singul, in kin zagayo ki saƙa a cikinsa kamar kowane ido, a nan kam ana ƙirga shi. In kuma abin sayarwa ne kina so ya fita fes, ki yanke zaren, ki zaro bakinsa ta cikin idon ƙarshe, ki sa a allura, ki tsallake ido ɗaya, ki wuce ƙarƙashin zare biyun ido na gaba, ki dawo ki soka a tsakiyar idon da zaren ya fito, zai kwanta kamar ido na gaske a kan wanda kika tsallake. Sai ki ɗaura sabuwar kalar a wani wurin daban ki fara. Yana cin lokaci kuma yana tara bakin zare, amma ga jaka ya cancanta.

Ba kullum ake yanke tsohuwar kala ba. In ratsin siriri ne, zagaye ɗaya ko biyu za ki dawo kanta, ki bar ta a rataye ta ciki, in lokacinta ya yi ki ɗago ta, ki bar mata ɗan sarari kar ta tattaro saƙar. In ratsin ya yi faɗi ki yanke. A safar jariri kuwa ko gajere ne na fi son a yanke a ɓoye, don zaren da ke shawagi a ciki yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa kuma jariri ba zai faɗa miki ba.

Ɓoye bakin zare shi ne inda nake so ki ba ni hankalinki, don a nan na taɓa yin asara. Lokacin da ƙanwata ta haihu na zauna kwana uku na yi wa yaron hula da safa fari da shuɗi don ranar suna, duk inda na canza kala sai in ƙulla zaren biyu in yanke dab da ƙullin don kar a gani. Ranar suna ya sa, kowa ya yaba. Kinsan kayan jariri kullum cikin wanki suke kuma da hannu ake cuɗawa, ba a yi sati biyu ba ta aiko min da hular, ƙulli ɗaya ya zame, rami ya buɗe a ƙeya har yatsa biyu na shiga kuma ba bakin zaren da zan kama in gyara. Abin ya yi min ciwo sosai. Goggona ce ta karɓa ta juya cikinta ta ce, ke 'yar nan ulu santsi gare shi, ƙulli ba ya riƙe shi, tafiya ake ba shi. Ta sa zare a allura ta nuna min, ta bi ta cikin gindin ido biyar ko shida ta baya, ta tsallake zare ɗaya ta juyo ta bi inda ta fito, ta sake juyawa karo na uku, ta ɗan ja saƙar ta miƙe sannan ta yanke. Zaren da ya je ya dawo ya koma ba ya fita ko an ja ta ko'ina. Shi ya sa na ce ki bar baki mai tsawo, santimita 15 ko inci 6, kar ki yi rowar zare a nan. Kowace kala ki ɓoye ta a cikin 'yar'uwarta, fari cikin fari, shuɗi cikin shuɗi, in ba haka ba zai leƙo ta waje. Wasu suna kwantar da bakin a kan layi su saƙa a kansa suna tafiya, yana rage aiki, ni ma ina yi, amma ina barin ɗan saura in mayar da shi baya da allura. Bakin zoben zugewa shi ma haka, ki zagaya da shi cikin idon zagayen farko ki juyo, in ba haka ba wata rana ƙoƙon hular zai buɗe. Kuma dan Allah a daina ƙona bakin ulu da ashana a kayan yara, yawancinsa na roba ne, narkewa yake ya daskare ya zama ɗan ƙullutu mai kaifi yana kartar fata.

Mu haɗa duka a hular jariri sabon haihuwa, da dobul, rufaffen zagaye. Ki fara da fari, zoben zugewa, sarƙa 2, dobul 12, ki zuge ki rufe da silif. Zagaye na biyu biyu-biyu, 24, a silif ɗin rufewa ki ɗauko shuɗi. Na uku ɗaya sai ƙari, 36. Na huɗu biyu sai ƙari, 48, ki koma fari a rufewa. Nan ki tsaya ki ɗauko tef, don lambar zagaye ba ita ce ma'auni ba, hannun kowa daban zaren kowa daban. Kan sabon jariri yawanci inci 13 zuwa 14 ne a kewaye, ana so hula ta ɗan gaza kan kaɗan don tana buɗewa, saboda haka faifan nan ya kai faɗin inci 4 daga baki zuwa baki ta tsakiya, in kin ninka da 3.14 kin samu sha biyu da rabi. In bai kai ba ki ƙara zagaye, uku sai ƙari, 60. In kin ga 48 ya yi kaɗan 60 kuma zai zarce, ki yi rabin ƙari, bakwai sai ƙari sau shida, 54. Da ya kai inci huɗun ƙari ya ƙare, daga nan ido ɗaya a kowane ido, kina canza kala duk bayan zagaye biyu. Zagayen farko da na biyu za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, a na uku za ki ga gefen ya fara saukowa da kansa. Ki ci gaba har tsawon daga ƙoƙo zuwa baki ya kai inci 5, in kina son mai naɗewa ki ƙara inci ɗaya da rabi, ki rufe da zagaye ɗaya na singul don bakin ya tsaya. Ta babba ma wannan hanyar ce, kan babba wajen inci 22 ne, faifan ya kai shida da rabi kafin ki daina ƙari. In mai hular yana kusa ki auna kansa kawai, ki rage inci ɗaya ko biyu, ki raba da 3.14.

In hannunki ya faɗa kina son zane a cikin zagaye ɗaya, kamar ido uku shuɗi ido uku fari, dokar ba ta canza ba, a ja na ƙarshe na ido na uku ake ɗauko ɗaya kalar. Bambancin kawai kalar da ba ki aiki da ita kina kwantar da ita a kan layin kina saƙawa a kanta, tana tafiya a ɓoye cikin idon har ki buƙace ta. Da haka matan ƙabilar Wayuu na arewacin Kolombiya da Benezuwela suke jakunkunansu masu zane, da singul matsattse da siririn zare, wani lokaci kala huɗu ko biyar suna tafiya tare. Ke ki fara da biyu, ki yi da kwarashi ɗan ƙarami don ɓoyayyen zaren kar ya leƙo, ki riƙa ɗan jan sa bayan 'yan idanu ya miƙe. Ki ajiye curi ɗaya a damanki ɗaya a hagunki, kullum ɗaya ki ɗauko shi ta sama ɗayan ta ƙasa, in ba haka ba kafin ki gama zagaye sun murɗe da juna kamar igiya. Kuma adadin idon zagayen ya rabu daidai da zanen, in zanen shida-shida ne ki tabbata 48 ne ko 54 ko 60, don ƙarshe ya haɗu da farko.

Wajen sayen zaren ki tabbata kalolin biyu kaurinsu ɗaya kuma iri ɗaya ne, in ɗaya ya fi kauri ratsinsa zai kumbura ɗayan ya shige, auduga da na roba kuma ba sa shan wanki iri ɗaya. Ki sayi abin da zai ishe ki a tashi ɗaya, don in ya ƙare kika koma sau da yawa za ki tarar da shuɗin ya ɗan bambanta ko da sunansa ɗaya, in akwai lambar rini a takardar ki duba ta zo ɗaya. In za ki haɗa ja ko baƙi da fari, musamman zaren auduga, ki yanki ɗan guntu ki jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu ki matse shi a farin tsumma, in ya zuba ki canza shi tun kafin ki fara. Bayan kin gama kin ɓoye bakin zare duka, ki wanke a ruwa mara zafi, ki matse cikin tawul kar ki murɗa, ki shanya a kwance a inuwa don in kika rataye ta a igiya da ruwa a jiki za ta zazzago ta yi tsawo, kuma kar ki sa wa ulun roba dutsen guga.